Warin Sifirit a Gyalen Najat

Goron da aka yi alkawarin kawowa ranar Juma'a ba zai zo ba.

Wannan ne labarin da yake jiran Najat a tsakar gidansu da ke Maamobi. Ta sauko daga tirotiro, ƙaramar bas ta haya, da yamma, ta ratso lungunan da ta saba ratsawa tana gaishe da maƙwabta, ba ta ko lura cewa yau amsar gaisuwar tasu gajeriya ce ba.

Mahaifiyarta, Mma Sanatu, tana zaune da tiren shinkafa a cinya, amma ba tsinta take yi ba. Baffa Bukar, ƙanin mahaifinta marigayi, wanda shi ne waliyyinta, yana tsaye ya goya hannuwa a baya.

"Mma, lafiya?"

"Zauna, Najat."

Ta zauna a gefen tabarma, jakarta tana rataye a kafaɗa.

"Hajiya Amama ta aiko," in ji mahaifiyar. "Ta ce sun janye. Ta ce ɗanta Mutawakil ba zai auri..." Sai maganar ta maƙale mata.

"Mashayiya," Baffa Bukar ya ƙarasa. "Faɗa mata kamar yadda aka faɗa mana. An ce 'yar yayana tana shan akpeteshi, giyar da ake dafawa a lungu. An ce da maye kika shiga gidan makoki. Daga Nima har New Town babu bakin da maganar ba ta shiga ba."

Najat ta dubi jakar da ke kafaɗarta. Nan take ranar Asabar ta dawo mata.

A ranar ne ƙanwar Hajiya Amama ta rasu. Najat tana wurin aiki aka kira ta. Ta tuɓe farar rigar aiki a gaggauce, ta juye abin da ke aljihun cikin jaka, har da 'yar kwalbar sifirit da take fesa wa hannu. A cikin matsin tirotiro kwalbar ta buɗe, ta jiƙa baƙin gyalen da take ajiyewa a jaka domin ta'aziyya. Hancinta ya daɗe da sabawa da warin, don haka ta yafa gyalen a bakin ƙofar gidan makokin ba tare da ta ji komai ba. Idanunta sun yi ja, saboda tun safe take leƙen madubin ƙara girma, ga kuma kukan da ta yi a hanya. Da za ta tsallake kwata, katakon da aka gicciya ya goce, ta yi tuntuɓe a gaban mata cike da tsakar gida.

Ta durƙusa gaban Hajiya. Hajiya ta jawo ta ta rungume, sai kuma jikinta ya sandare, ta ture ta a hankali. Najat ta ɗauka zafin rashi ne.

"Baffa, sifirit ne," ta ce. "Da shi muke tsabtace hannu a wurin aiki. Mma, kin sani."

"Na sani, 'yata. Amma ni kaɗai ce na sani."

Gaskiya ne. Ko a cikin dangi, 'yan kaɗan ne suka fahimci abin da Najat take yi a ɗakin binciken tsirrai da ke bayan gari. Ita ce ta farko a gidansu da ta gama jami'a. Aikinta shi ne ta ɗauki ɗanyar masara wadda ba ta ƙosa ba, ta ciro 'yar zuciyar da ke cikin ƙwaya, wadda ba ta fi riɗi girma ba, ta kwantar da ita a cikin kwalba a kan wani abinci mai kama da daskararren koko. A can za ta kumbura ta zama curi, daga curin kuma saiwa da ganye su fito. Wasu daga cikin curin akan sa musu ƙwayar gado wadda za ta hana tsutsa cin ganyen. Ƙura kaɗan ko numfashin mutum ya isa ya kawo fumfuna ta cinye komai. Shi ya sa hannu da hantsaki da tebur duk sai an fesa musu sifirit.

Baffa Bukar ya gyara murya.

"Abass ya zo shagona a Tudu da safe. Yaron kirki. Tun bara yake bina a kanki, ke ce kika ƙi kallon sa. Ya ce duk abin da ake faɗa ya ji, kuma a shirye yake ya rufa miki asiri. Sharaɗinsa ɗaya ne: ki bar aikin kwalaben nan, ki zauna masa a shagon wayoyi."

Najat ta ɗago kai. Ba ta taɓa ɗaga wa baffanta murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Baffa, a yi mini afuwa. Ban aikata abin da za a rufa mini asiri a kansa ba."

"Mutane ba ruwansu da abin da kika aikata. Abin da suka ji suke ci." Ya ɗauki sandarsa. "Ba zan tilasta ki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma mun riga mun gaya wa dangi Juma'a za a kawo goro. In na gidan Hajiya bai zo ba, zan ba mutanen Abass izini su zo. Sauran kuma ke da uwarki."

Bayan ya fita, Mma Sanatu ta ajiye tiren, ta ja 'yarta jikinta. Sai a lokacin Najat ta bar hawayen suka zubo.

*

Washegari bayan La'asar, tana dawowa daga aiki, ta tarar da mota fara a bakin lungu. Abass yana jingine da ita, yana juya makulli a yatsa.

"Dakta!" ya kira ta, duk da ya san ba likita ba ce. "Cale, mutuniyata, kin rame paa, sosai da sosai. Wannan duk tunanin tela ne?"

"Ina wuni, Abass."

"Ni fa ban yarda da maganar da ake yi ba kuraa, ko kaɗan. Ko da ma gaskiya ce, ai ana tuba."

"Na gode. Amma mutumin da bai yarda da magana ba, ba ya tanadar mata tuba."

Ta wuce shi. Dariyarsa ta bi ta har kwanar lungu, amma babu daɗi a cikinta.

A kan bencin ƙofar gidansu Mutawakil yake zaune. Tela ne mai ɗinkin surfani a New Town, dogo, mai sanyin magana. Akwai zare fari maƙale a hannun rigarsa, alamar daga kan keke ya taso. Da ya gan ta ya miƙe, sai ta ga idanunsa sun kumbura.

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Mma Sanatu ta bar ƙofa a buɗe, tana wanke-wanke inda za ta riƙa jin su.

"Na yi wa mahaifiyata bayani har muryata ta dushe," in ji shi. "Ta ce hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Da shi take gane buhun masarar da aka zuba wa magani tun kafin a sauke shi daga mota. Kin san Mma. Duk matan da ke sayar da masara a kasuwar Nima bakinta suke kallo. In ta ce ta ji, to ta ji."

"Ta ji ɗin, Mutawakil. Hancinta bai yi ƙarya ba. Hukuncin ne ya yi gaggawa."

"Ta ba da hanya." Ya sunkuyar da kai. "Ta ce ki zo gaban matan da suke wurin ranar Asabar, ki dafa Alƙur'ani ki rantse. Sannan ki bar aikin. Ta ce ko ba ki sha ba, mace mai wasa da giya a hannu, mai kuma canza halittar Allah a kwalba, ba ta dace da gidanmu ba."

Najat ta girgiza kai. A nesa ana jin mai tallan ruwa da ƙarar babura.

"Alƙur'ani ya fi ƙarfin a ɗauko shi saboda jiƙaƙƙen gyale," ta ce. "Kuma in na rantse, me za su ce? Za su ce son aure ya sa ta dafa Littafi. Sai zunubin ya zama biyu a bakinsu."

"To aikin fa? Najat, don Allah. Shekara ɗaya kawai. A ɗaura auren, bakin mutane ya mutu, sai ki koma. Ni da kaina zan riƙa raka ki."

"Ba ka fahimta ba."

"Fahimtar da ni!" Muryarsa ta karye. "Tun jiya ban iya zura zare a allura ba. Na ga motar Abass a bakin lungu. Kina so in zauna ina kallo a kawo goronsa gidan nan?"

Hawaye suka cika mata ido, ta bar su suka gangaro.

"Abin da ke cikin kwalaben nan yana da rai. In 'yan makonni suka wuce ba a sauya musu abinci ba, sai su yi baƙi su mutu. Masarar da nake reno irin ta ƙasarmu ce, mai taurin kai, ta daɗe tana ƙin tsira a kwalba. Na sha zubar da aikin watanni in sake daga farko. Sai bana ta yarda da hannuna. In na tafi shekara, abin da zan dawo in tarar babu ne."

"Ni kuma fa? In kin zauna, ni me za ki tarar?"

"Kai ne kake kira na uwar masara," ta ce cikin kuka. "Kai ne kake cewa in an kai irin nan gonakin arewa, za ka ɗinka wa kanka babbar riga ka je ka tsaya a bakin gona ka ce matarka ce ta rena shi. Da wannan aikin ka gan ni ka so ni. In na ajiye shi don a ce na tuba daga laifin da ban yi ba, wadda za a kawo maka gida ba ni ba ce."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suna motsi.

"To me zan yi?"

"Kawo ta. Ba zan rantse ba, amma zan nuna mata. Ta zo ta gani da idonta."

"Mma ba ta zuwa inda aka kira ta. Ita ake zuwa wa."

"Ka gaya mata na ce hancin da ya yanke mini hukunci, shi nake roƙo ya zo ya sake sauraron shari'ar."

Mutawakil ya ɗago ya dube ta. Daga cikin gida, ƙarar kwanukan Mma Sanatu ta tsaya cak.

*

Ranar Alhamis da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar ɗakin binciken. Najat ta riga ta nemi izinin shugabanta, ta kuma yi raka'a biyu kafin ta fito.

Hajiya Amama ta sauko da ƙyar saboda gwiwa. Mace ce mai jiki, mai haƙorin Makka, ta yafa farin gyale babba. Mutawakil yana bayanta kamar wanda aka kamo.

Najat ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Ba ta dube ta ba. "To ga ni. An ce kin kira hancina shari'a. Nuna mini gidan giyan naku in koma, na bar kaya a kasuwa."

Suka bi dogon baranda har zuwa wata farar ƙofa. A gefenta akwai taga babba ta gilashi, da famfo, da wurin ajiye takalma.

"Hajiya, a nan ake cire takalmi."

Ta cire, tana tsaki. Aka ba ta silifa mai tsabta, ta sa. Aka ɗora mata farar riga a kan kayanta, ta haƙura. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, tana cewa wannan kam ba sai an koya mata ba.

Sannan Najat ta ɗauko kwalbar fesawa, ta fesa wa nata hannuwan.

Hajiya ta ja da baya kamar ta taka garwashi.

"Shi ne! Wallahi shi ne na ji!"

"Shi ne, Hajiya. Ba a shan sa. Ƙwayoyin cuta yake kashewa. Duk mai shiga ɗakin nan sai an fesa masa."

"A hannuna?" Ta ɗaga tafukanta. "Hannun da ya taɓa Ka'aba? Yarinyan nan, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, Hajiya. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan. Ni dai nakan wanke hannuna da ruwa kafin in yi alwala."

"Ke kika ga za ki iya. Na wanke da sabulu, ya isa. Buɗe."

Najat ba ta motsa ba.

Mutawakil ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Najat, don girman Allah. Yau kaɗai. Ta zo har nan, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ba za ta taɓa komai ba. Gobe Juma'a."

Ta san gobe Juma'a. Ta kwana da sanin haka, ta tashi da shi. Ta dubi hannun ƙofar. Murɗawa ɗaya ce. Wataƙila ma babu abin da zai faru. Wataƙila kuma bayan 'yan kwanaki ta shigo ta ga farar fumfuna ta lulluɓe kwalabe, nata da na abokan aikinta waɗanda suka amince mata da ɗakin.

Ta sake durƙusawa, a tsakanin Hajiya da ƙofar.

"Hajiya, ke uwa ce a gare ni ko an yi auren nan ko ba a yi ba. In kin ce in ɗauke ki a bayana in zagaya da ke gidan nan, zan yi. Amma ƙofar nan amana ce. Ko shugaban wurin nan ba ya shiga sai ya fesa. Ba zan iya buɗewa ba. Ga taga, daga nan ana ganin komai."

Hajiya ta juya ta dubi tagar.

"Taga," in ji Hajiya a hankali. "Ni Amama. Tun ina budurwa nake kasuwar Nima, ba a taɓa rufe mini ƙofa a fuska ba. Yau yarinyan da ke neman shiga gidana ta tsayar da ni a taga kamar mai talla." Ta juya ga ɗanta. "Ka gani? Ka ga abin da kake kuka a kai? Mu tafi."

"Mma..."

"Na ce mu tafi!"

Najat ta ji ƙarar silifa tana nisa. Ba ta bi su ba. Ta miƙe, ta share fuska da gefen hijabinta, ta sake wanke hannu, ta sake fesawa. Yau ce ranar sauya wa tsirran abinci, kuma su ba su san an fasa aure ba.

Ta shiga, ta rufe ƙofa.

Ɗakin yana da sanyi. Kwalabe jere a kan kantoci ƙarƙashin fararen fitilu, wasu da curi mai ruwan madara, wasu da ɗan koren kai da ya fara leƙowa. Ta zauna gaban teburin da tacacciyar iska ke busawa, ta gasa bakin hantsaki a wuta, ta jira ya huce.  

"Bismillahi," ta faɗa a zuciya, leɓɓanta kawai suka motsa.

Ta buɗe kwalba, ta ɗauko curi, ta yanke gefen da ya yi duhu, ta kwantar da mai kyan a sabon abinci. Ta rufe. Ta ɗauko wata. Hawaye suna taruwa, sai ta kawar da fuska gefe don kada ɗigo ya faɗa inda bai kamata ba. A haka ta ci gaba, kwalba bayan kwalba, har hannun ya koma yadda ya saba, mai natsuwa, mai sauri, ba ya kuskure.

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba sai da ta ji an ƙwanƙwasa gilashi.

Hajiya Amama ce a taga. Farar rigar tana jikinta har yanzu. Ta kusa manna goshi da gilashin.

Najat ta rufe kwalbar da ke hannunta, ta fito.

"Gwiwata ce ta hana ni sauka matakala," in ji Hajiya, fuska a murtuke. "Kada ki ɗauka wani abu ne." Ta nuna da haɓa. "Wancan koren, na can sama. Mene ne?"

"Masara ce, Hajiya."

"Ƙarya."

"Masara ce. Fara, irin wadda kike sayarwa."

"Babu ƙasa, babu ruwan sama?"

"Na ɗan lokaci ne. In ta yi ƙarfi za a fitar da ita a dasa a ƙasa kamar kowace."

Hajiya ta daɗe tana kallo.

"Bakinki yana motsi a kan kowace kwalba. Me kike faɗa?"

"Bismillah."

"Hm." Ta gyara tsayuwa. "To gaya mini gaskiya, ban son turancin 'yan makaranta. An ce kuna canza halittar Allah."

"Ba mu iya halittar ko ganye ɗaya ba, Hajiya. Ni sai dai in yanka in ajiye in jira. Sau da yawa ba ya tsira, kuma ban da ikon sa shi. Amma ba zan ɓoye miki ba: wasu daga cikinsu muna sa musu wani abu da ba a haife su da shi ba, wanda muka ɗauko daga wata halittar Allah, don tsutsa ta kasa cin su. Akwai masu ganin bai kamata ba, kuma ba na raina su. Shi ya sa ake daɗewa ana gwadawa kafin a bar shi ya fita. Ni dai na yi istihara kafin in karɓi aikin, kuma kullum ina roƙon Allah in akwai cuta a ciki Ya tsayar da shi a hannuna."

"Tsutsa," Hajiya ta maimaita. Muryarta ta sauka. "Shekarar da tsutsan nan ta zo, na je arewa sayen kaya. Wani dattijo da ya daɗe yana ba ni masara ya kai ni gonarsa. Ganye duk huda-huda kamar rariya. Ya zauna a kan kunya yana kuka, babban mutum mai jikoki. Na dawo da mota babu komai."

 Mutawakil yana tsaye a bayanta, ko numfashin kirki ba ya yi.

Sai Hajiya Amama ta naɗe hannun farar rigar, ta miƙo tafukanta biyu.

"Fesa."

"Hajiya, alwalarki..."

"Ga famfo can. Fesa, kafin in canza ra'ayi."

Najat ta fesa. Hajiya ta yamutsa fuska, ta murza hannuwan.

"Akwai sauran doka ɗaya," in ji Najat a hankali. "A ciki ba a magana kusa da kwalba."

Mutawakil ya kasa riƙe dariya, ta kuɓuce masa tare da hawaye. Uwar ta harare shi.

"Kai tsaya nan a taga. Ba a fesa maka ba."

Suka shiga su biyu. Matar da ake jin muryarta daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan ta bi tsakanin kantoci a kan yatsun ƙafa, ta kama bakinta da hannu. Najat ta sauko da kwalba ɗaya a rufe, ta ɗaga ta gaban fitila. A ciki ɗan tsiro ne da bai kai tsawon yatsa ba, ganyensa siriri ya naɗe irin naɗin da duk mai sayar da masara ya sani, fararen saiwoyinsa sun bazu a cikin abincin. Hajiya ta dube shi, ta dubi Najat, ta sake duban sa. Leɓɓanta suka motsa da tasbihi.

Da suka fito, Najat ta miƙa mata sabulu.

"Ajiye. Zan wanke in Azahar ta yi. Ba ni kwalbar sifirit ɗin."

Najat ta ba ta, ba ta gane ba. Hajiya ta tuɓe farar rigar, ta kama gefen gyalenta, ta fesa masa sifirit har ya jiƙe. Ta juya ɗaya gefen ta ƙara.

"Mma! Me kike yi?"

"Da bakina maganar nan ta fita, da ƙafata zan bi ta in dawo da ita. Daga nan kasuwa za ni. Rumfa rumfa zan bi ina gaisawa. Duk wadda ta ji wari a jikin yarinyan nan ranar Asabar, yau za ta ji shi a jikina. In ta isa, ta buɗe baki ta ce Hajiya Amama ma tana sha."

Najat ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. Hajiya ta dafa kanta.

"Tashi, kada ki jiƙa musu ƙasa. Kuma ki ji da kyau. Masaran nan taku ba zan ci ba, ba zan sayar ba, sai ranar da na gane ta sarai. Za ki riƙa yi mini bayani har in gaji."

"Zan yi, Hajiya."

"Ƙofar da kika rufe mini kuwa, ban manta ba. Ni ma ina da madafa, kuma tana da dokoki. Za mu ga ko kin iya bin na wani kamar yadda kika iya tsare naki."

Ta gyara jiƙaƙƙen gyalen a kafaɗa, ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma ka daina tsayuwa kamar an dasa ka. Kira Bukar. Ka ce masa ya share ƙofar gida, ya kuma gaya wa mai farar motan nan ya nemi wani lungun da zai ajiye ta. Gobe bayan an sauko daga masallaci, hanyar tamu ce, mu za mu kawo goro."